Shin Labaran Son Tantiri Suna Cutar da 'Yan Mata?

Maman Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ɗauki wayar ƙanwata, 'yar aji biyar a sakandare, na tarar tana karanta wani labari. Jarumin ɗan shaye-shaye ne, ba ya sallah, ya mari yarinyar a gaban ƙawayenta. Amma marubuciyar ta cinye shafi uku tana yabon sajensa da turarensa da motarsa. Can ƙarshe ya yi haɗari, ya farfaɗo a asibiti yana kiran sunanta, shi ke nan wai ya shiryu. Ni dai na ce irin wannan labari guba ne, kuma masu rubuta shi suna da kamasho a auren da ke mutuwa.

Autar Hajiya: Wa alaikumus salam Anti. Wallahi maganar ta yi mana nauyi. Ni ina rubutu, kuma na taɓa yin labarin saurayi nutsattse, malamin Islamiyya, ba ruwansa da kowa. Masu karatu suka watse tun a shafi na goma. Da na kawo gagararre, har cikin dare ake bi na da saƙo a kan ci gaba. Labari ba ya tafiya sai da rikici. Kuma tuba gaskiya ce, Allah Yana shiryar da wanda Ya so.

Malam Habu: Hajiya Maman Ikram, na fahimci damuwarki, sai dai an gwada hanyar hani. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya aka ƙona a wata makarantar 'yan mata a Kano. Me ya biyo baya? Littafin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ya koma cikin waya, inda Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ba ta iya bin kowane zauren WhatsApp. Na takarda ma ya fi sauƙi, ko ba komai uwa tana ganin bangonsa.

Maman Ikram: Malam, ban ce a ƙona komai ba. Cewa na yi a daina yi wa yara ƙarya.

Anti Nas: Ku bar ni in shigo nan, don abin ya shafi aikina. Shekara tara ina jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba da kodin ko tiramadol, ranar da ya daina jikinsa ciwo yake, ga gumi, ga amai da gudawa, ga rashin barci, ga faɗa da duk wanda ya matso. Ana sallamarsa ya yi wata uku lafiya, sai ka gan shi an dawo da shi. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, amma gadajenmu ba su zama wayam ba. Abin da ya fi ci min rai, mai zaman jinyar sau da yawa amarya ce ƙarama, wata da ciki, wata da tabo a fuska tana ce min ƙofa ce ta buge ta. Na taɓa tambayar wata ko ta san yana sha kafin aure. Ta ce ta sani, ta ɗauka saboda ita zai bari. Autar Hajiya, ban ce littafi ne ya aurar da ita ba. Amma wannan tunanin na "saboda ni zai bari" a wani wuri ta koyo shi.

Zee Gombe: Anti ku yi haƙuri, shekarata 19, kuma ina karanta su. Mun san bambancin littafi da rayuwa. A unguwarmu mun ga 'yan kalare, wato 'yan daban Gombe, da idonmu, babu wadda ke mafarkin aurensu. Abin da ke jan mu daban ne. A yawancin labaran, saurayin kirki shi ne ɗan uwan da iyaye suka zaɓa, ba ya ko tambayar yarinyar ra'ayinta. Gagararren ne kaɗai ke iya tsayawa gaban baffanninta ya ce ba za a yi mata dole ba. Shi muke so, ba kwalbar da ke hannunsa ba.

Malam Habu: Wannan yarinya ta faɗi abin da ban taɓa lura da shi ba.

Maman Ikram: Ni ma na ji ki, Zee, kuma ya taɓa ni. To amma me ya sa mai tsaya matan sai ya zama mai marinta? Miskili daban, mugu daban. Mai taurin kai da ba ya son raini ana zama da shi. Wanda ya ɗaga miki hannu tun a waje fa?

Ummu Sadiq: Autar Hajiya ta ce Allah Yana shiryar da wanda Ya so, haka ne. Ayar kuwa, ta 56 a Suratul Ƙasas, ta fara ne da gaya wa Annabi (SAW) cewa shi ba ya shiryar da wanda yake so, kuma a kan baffansa Abu Ɗalib ta sauka. Ina 'yar shekara 17 za ta ɗauki wannan kaya? Ku duba Ummu Sulaim. Abu Ɗalha ya nemi aurenta yana mushriki, ta ce ba a mayar da irinsa, amma ba ta aurensa sai ya musulunta, kuma Musuluncinsa ne sadakinta. Sai da ya canja tukuna ta shiga gidansa. Labaranmu sun juya abin, a ɗaura aure, ta sha duka, ta yi ta haƙuri har ya gaji.

Autar Hajiya: Ban yarda muna da kamasho a mutuwar aure ba, har yanzu ina kan bakana. Talauci da auren dole sun riga littattafanmu zuwa. Amma na yarda haɗarin mota ya yi arha a hannunmu. Wanda nake rubutawa yanzu saura shafi shida a ɗaura aure, kuma jarumin bai daina sha ba. Anti Nas, zan biyo ki ta waya in ji yadda jinyar take tun daga ranar farko.

Anti Nas: Ki kira bayan isha'i, yau da rana nake aiki.

Maman Ikram: Idan kin gama ki turo min in fara karantawa kafin in ba ƙanwata. In na ga mari a ciki an bi shi da yabon saje, zan dawo nan mu sake zama.