Me ya sa rubutu biyu masu lamba ɗaya suka bambanta a girma?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina shirya wani ɗan littafi a kwamfuta, na rubuta jikinsa da nau'in rubutu na Times New Roman, bayanan hotuna kuma da Verdana, duka a lamba 12. Da na buga a takarda sai Verdana ya fito ƙato, ya danne ɗan uwansa. Ina na yi kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka yi kuskure ba. Lambar nan ba harafin take aunawa ba, filin da aka ware masa take aunawa, wanda ya samo asali daga ɗan ƙarfen da ake zuba harafi a kansa a zamanin ɗab'in hannu, kuma kowace lamba ɗaya daidai take da kashi 1 cikin 72 na inci. Abin da ido yake gani shi ne tsayin ƙaramin x, wato daga layin da haruffa suke zama a kai zuwa saman a, e, o. Matthew Carter ya zana Verdana a 1996 domin karatu a allon kwamfuta, saboda haka ya ba ƙananan haruffan tsayi da faɗin ciki, alhali Times New Roman na 1932 an yi shi ne don matsattsun ginshiƙan jarida. Ka mayar da Verdana lamba 10, za su kusa daidaita.

Amsa ta biyu: Ina ƙara da cewa ka lura da wuyan da yake ɗagowa a b, d, k, da jelar da take sauka ƙasa da layi a g, j, y. Idan ka matse layuka, jelar layin sama za ta taɓa wuyan na ƙasa. An saba ba da tazarar kashi 120 cikin 100, wato kimanin 14 ga rubutu mai lamba 12.

Amsa ta uku: Ɗan uwa, kafin komai ka gwada ɓ, ɗ da ƙ. Lanƙwasarsu a saman wuya take, kuma idan nau'in rubutun ba shi da su, kwamfuta takan aro daga wani, sai ka ga harafi siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Ni dai Charis SIL nake amfani da shi, domin yana da su duka.