Cigiyar kalma: me za mu kira karen nan greyhound da Hausa?

Mai tambaya, daga Mancesta:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, daga shi sai karensa, irin wanda suke kira greyhound. Satin da ya wuce aka kwantar da shi a asibiti kwana huɗu, ya bar mini makulli, ya roƙe ni in riƙa leƙawa da safe ina buɗe wa karen ƙofar baya, in zuba masa abinci. Haƙƙin maƙwabtaka ne, na kasa cewa a'a. Da na zo ba Inna labari a waya sai sunan ya gagare ni. Na ce kare ne dogo siriri, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ta ce, "To ai yunwa ce, ku ji tsoron Allah ku ba shi abinci."

Ga abin da na gani, ko zai taimaka wajen raɗa masa suna. Ranar farko na shiga bayan sallar asuba ina jiran haushi ya tare ni. Shiru. Na same shi a kan doguwar kujera ya yi rigingine, ƙafafu huɗu a sama, harshe ya zubo ta gefen baki. Wallahi na ɗauka ya mutu, har na fara shirya abin da zan gaya wa mai shi. Sai ido ɗaya ya buɗe, wutsiya ta bugi kujera sau biyu. Ya sauko a hankali, ya shimfiɗa ƙafafun gaba har ƙirjinsa ya kusa taɓa ƙasa, ƙugu a sama, ya yi miƙa da doguwar hamma, sannan ya miƙe na baya ɗaya bayan ɗaya. Ya tako ya jingina da cinyata da dukkan nauyinsa, kilo talatin ko fiye, haƙoransa na kaɗawa kaf-kaf-kaf kamar yaron da aka yi wa wanka da ruwan randa cikin hunturu. Ina buɗe ƙofar baya ya fita fit, ya zaga ɗan filin bayan gida sau uku da gudun da idona ya kasa bi. Ko minti ɗaya bai cika ba ya dawo, ya ci abinci, ya koma kujera. Aikin ranar ya ƙare ke nan.

Ranar da aka sallamo mai shi kuwa sai na ga wani kare dabam. Ya ɗaga baki sama ya ja wani dogon "ruuu", yana juyi wuri ɗaya, sannan ya sungumi takalmin dattijon ya kai shimfiɗarsa ya kwanta a kai. Na ce ashe maganar in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi har Ingila ta iso.

To, me za mu kira shi?

Ɗalibi daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ai abin a fili yake. Farkon kalmar launin toka ne, ƙarshenta kare. Karen toka, ko kare ruwan toka.

Malama daga Kano:
Ɗana, nan ne mai fassara kan zame. Wannan gaɓar ta farko ba launi take nufi ba. Tsohuwar kalma ce ta Ingilishin da, grighund, tafiya ta yi tafiya har sautinta ya yi kama da sunan launin toka. Karen da kansa ma ya ƙaryata fassarar: akwai baƙi, akwai fari, akwai ja-ja, akwai mai zane-zane a jiki, masu ruwan tokar ma ba su ne suka fi yawa ba. Ban da haka, ka ce wa Bahaushe "karen toka", abin da zai hango shi ne kare kwance a bakin murhu.

Mai tambaya:
Malama ta yi gaskiya, na maƙwabcina baƙi ne wuluk, da ɗan fari a ƙirji.

Wani daga Damagaram:
Mu nan da muka yi makarantar Faransanci, lévrier muka sani, daga lièvre, wato zomon daji. Ke nan su Faransawa abin da yake kamawa suka duba suka raɗa masa suna. Me zai hana mu ce karen zomo? Karin maganarmu ma ta riga ta haɗa su: karen bana shi ke maganin zomon bana. Kuma irin ƙirar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Buzaye na da nasu a yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, dogayen ƙafafu, ciki a shafe, ƙirji mai zurfi. Turawa ma da sunan yankin suke kiransa. Wanda ya taɓa ganinsa a zangon Buzaye, in ya ga hoton wannan zai ce 'yan uwa ne.

Ɗan gidan mafarauta, daga Katsina:
Karen zomo ya yi daɗin faɗa, amma kowane kare a gidanmu karen zomo ne in rani ya yi. Haka karen farauta, ya yi faɗi da yawa. Abin da na koya wurin Baba shi ne karnuka iri biyu ne a daji: akwai mai sa hanci a ƙasa ya bi sawu ko da naman ya yi nisa, akwai wanda sai ya ga abu ya motsa sannan ya tashi, in naman ya ɓace masa da gani sai ya tsaya yana waige-waige. Wanda Yaya ya kwatanta irin na biyu ne. Ku dubi nan wajen neman sunan.

Wani daga Umdurman:
A nan saluƙi ake cewa. Kalma ce gajeriya, kuma Hausa ta saba aro daga Larabci.

Malama daga Kano:
Ta saba, amma saluƙi sunan wani iri ne dabam, na ƙasashen Larabawa, akasari mai dogon gashi a kunne da wutsiya. In muka ba wannan sunan wancan, ranar da wancan ya zo sai mu rasa abin da za mu kira shi. A bar wa saluƙi sunansa, a bar wa na Azawak nasa.

Direba daga Amurka:
Ni dai in aka ce greyhound a nan, doguwar motar safa ce ke zuwa mini a rai, kamfanin da ke da hoton karen yana gudu a jikin motocinsa. Saura kaɗan in ce mu kira shi karen mota, sai na tuna yaran tasha sun riga shi. Amma maganar gaskiya, tsere aka san shi da shi. A nan ma abin ya ja baya, tun da mutanen jihar Fulorida suka kaɗa ƙuri'a a 2018 aka hana, filayen tseren jihar suka rufe zuwa ƙarshen 2020. Karnuka da yawa ta haka suka koma gidajen mutane.

Mai tambaya:
Alhaji ka taɓo inda nake. Karen maƙwabcina ma daga filin tsere ya fito, har da lambar da aka zana masa a cikin kunne. A garin nan ne aka buɗe filin tseren karnuka na farko irin na zamani a Ingila, Belle Vue, a 1926, aka rufe shi a 2020. Zomon ƙarya ake ja da inji a gefen fili, karnuka su bi shi, tazarar kusan mita 500 cikin daƙiƙa talatin ko ƙasa da haka, mutane na caca a kansu. Gudunsu kan kai kilomita 70 a awa. In kare ya shekara huɗu ko biyar, ko ya ji rauni, sai a sallame shi, ƙungiyoyi su nema masa gida.

Dattijon ya ce lokacin da ya ɗauko shi bai iya hawa matakalar bene ba, bai san ƙofar gilashi ba, sai da ya sha karo da ita. Tashin asubar nan ma sabon can ne, don da sassafe ake fito da su. Ni karen tsere ya kwanta mini, kamar yadda muke cewa dokin sukuwa. Abin da kawai ke damuna shi ne wanda na gani da idona raggo ne na ƙin ƙarawa. Yakan yi barcin awa 16 zuwa 18 a rana. Ba shi da kitse, fatarsa siririya, gashi kaɗan, in sanyi ya shigo har riga ake sa masa kafin a fita. Wannan ne za mu kira karen tsere?

Ɗan gidan mafarauta:
Yaya, dokin sukuwa ma yini yake a turke yana cin harawa, ba wanda ya ƙwace masa suna. Mai gudun gaske ba ya ɓarnar ƙafa.

Ɗalibi daga Zariya:
Ni tambayata dabam ce: da ya jingina da kai, ya batun tufafin salla?

Mai tambaya:
Na canza wando, ƙanena. Sauran bayani a kai wa malamai, mu nan kalma muke nema.

Malama daga Kano:
Bari in tattara, don na ga abu biyu muka samu. Maganar ɗan Katsina ta ba mu sunan dangin gaba ɗaya: karnukan hange, masu farauta da ido, kishiyoyin karnukan sawu masu bi da hanci. Saluƙi karen hange ne, na Azawak karen hange ne, wannan ma haka. Shi kuma wannan a karan kansa karen tsere, jam'i karnukan tsere, mace karyar tsere. Na san akwai wasu ƙananan dangoginsa da su ma ake tsere da su, amma wannan ne ya yi suna da abin, suna kuwa na wanda ya yi fice ne. Ban goyi bayan a Hausantar da sautin a ce girehawun ba. Ya yi wa harshe nauyi, kuma ba ya gaya wa mai ji komai.

Halayen safiyar da ka lissafa ma ba sai mun aro ba. Kwanciyar rigingine da ƙafafu a sama, su Turawan da kyankyason da ya kife suke kwatanta ta, mu ma sai mu ce kwanciyar kyankyaso. Miƙar da ƙirji a ƙasa, rusunawa ce. Kaɗa haƙora kuwa karkarwar ɗoki, don a bambanta ta da ta sanyi.

Wani daga Damagaram:
Na janye karen zomo, amma da sharaɗi: a bar mini zagaye ukun nan na bayan gida. Sukuwar safe.

Direba daga Amurka:
Saura "ruuu" ɗin. Kada a ce kuka, don a gida in kare ya ja dogon kuka tsofaffi ba sa so. Wannan na murna ne, mai gida ya dawo lafiya. Ni guɗa na ji.

Mai tambaya:
Guɗa ce kuwa, Alhaji, sai dai ba amarya. Na sake kiran Inna ɗazu na gwada mata. Na ce karen tsere ne, irin na hange, ya yi ritaya, yanzu sai kwanciyar kyankyaso da sukuwar safe. Ba ta tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba. Ta dai yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, duk da haka a ƙara masa abinci."