Magani ya daina kama kajina, in ƙara yawansa?

Maman Hanif, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina kiwon buroila a bayan gida. Tun suna 'yan tsaki mai shagon da nake sayen abinci ya ce in riƙa zuba musu oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwa don kada su kamu da komai. Yanzu mura ta shige su, da dare sai ka ji suna gurnani, idon wasu ya kumbura. Na ba su tylosin, ba sauƙi. Mai shagon ya ce in ninka awon ko in koma enrofloxacin. Ga shi mai gashin kaji ya kusa zuwa ɗauka. Me kuke gani?

Baban Yusra, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ninka. Wannan ɗan maganin da ake zubawa kullum yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, ranar da ciwo ya zo da gaske maganin ya zama ruwa. Sannan ba kowace mura ce ke jin irin wannan magani ba. In cutar kaji ta Newcastle ce, babu abin da zai yi mata, rigakafin Lasota ne ke tare ta tun farko. Ki ɗauki marasa lafiya biyu, da wadda ta mutu yanzu in akwai, ki kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ai kusa da ke yake. Ki kuma shanshana ɗakin: in dusar katakon ta jiƙe har warinta na sa ido ruwa, ki kwashe ki buɗe tagogi.

Ummu Safiya, Sabon Gari:
Yaya, zancen sayarwar ne ya fi damuna. Duba jikin ledar maganin, an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka. Enrofloxacin ɗan gida ɗaya ne da ciprofloxacin da ake ba masu taifot. 'Ya'yanmu ne fa ke cin naman nan. Ki ba mai gashin haƙuri ya jira.

Maman Hanif:
Na gode. Jiran yana nufin ƙarin buhun abinci, amma zan kira shi. Baban Yusra, wadda ta mutu in sa ta a firij ko in kai ta haka?

Baban Yusra:
Ki ƙulle ta a leda da ƙanƙara, kada ta daskare, ki kai da sassafe. Ki tafi da ledojin magungunan da kika ba su, likita zai tambaya.