Wace kalmar Hausa za mu ba "biosignature"?

Jama'a a taimaka, kwana biyu kenan ina fama da kalmar nan, zan yi wa ɗalibaina bayani ne kuma "alamar rai" da ake ta cewa sam bata kwanta min ba, ai numfashi ma alamar rai ne.

Ga abin da ake nufi: abin da halitta ta bari da ke nuna an taɓa rayuwa a wuri. Ga misali. A yankin Pilbara na yammacin Ostireliya akwai duwatsu masu shekara kusan biliyan 3.5, in ka duba jikinsu za ka ga hawa-hawa kamar an jibge tabarmi. Ƙananan halittun da ido baya gani ne ke shimfiɗuwa a ruwa mara zurfi kamar gansakuka, yashi da laka su manne musu, su haura sama, wani yashin ya sake mannewa, a haka a haka har abu ya zama dutse, kuma har yau ana ganin masu rai suna wannan ginin a Shark Bay da ke gaɓar tekun yammacin Ostireliya. Na Pilbara sun mutu tuntuni, aikinsu ne ya rage. Shi yasa a 2019 masanan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka je can don idonsu ya saba da gane irin wannan aikin, kafin motarsu ta bincike Perseverance ta sauka a kwarin Jezero na duniyar Mirrihi a Fabrairun 2021, wurin da tafki ne a da.

Wani ɗan uwa ya kawo "burɓushin rai". Yayi ƙoƙari amma burɓushi guntun abin ne da kansa, nan kuwa sau da yawa ba jikin halittar ake samu ba, wani lokacin sinadari ne kawai ko fasalin dutse.

Wata malama ta ce "shaidar rai", wannan kuma tayi ƙarfi, in shaida ta tabbata an gama shari'a. Dutsen Cheyava Falls da Perseverance ta gano a Jezero, wanda NASA tayi magana a kai a Satumban 2025, cewa suka yi mai yiwuwa ne aikin halittu ne a jikinsa, basu yanke ba.

Ni dai "sawun rai" na zaɓa. Sawu ba ƙafa bane, abin da ƙafa ta bari ne, kuma duk mai bin sawu ya san iska ko ruwa na iya zana abin da zai ruɗe shi sai ya bi a hankali, daidai da halin da masanan nan suke ciki. Gwada a baki: an ga abin da ake zaton sawun rai ne a Jezero. Ya zauna.

Saura sunan duwatsun nan masu hawa-hawa, sitiromatolait. Ina tunanin "dutsen gansakuka", ya kuka gani?