Wane suna za mu ba girka manhaja daga wajen kantin kamfani?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara da labarai. Ina roƙon mu tsayar da kalma guda ta Hausa a kan abin da Turawa ke kira "sideloading", wato mutum ya girka manhaja a wayarsa ba tare da ya bi ta Google Play ko App Store na Apple ba. Buƙatar ta taso ne tun da kamfanin Google ya sanar a watan Agusta na 2025 cewa wayoyin Android da ya amince da su za su daina karɓar manhajar da mai ita bai yi rajista da kamfanin ya tabbatar da ko shi wane ne ba, ko da kuwa ba daga kantin Google aka samo ta ba. Sanarwar ta ce za a fara da ƙasashen Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a watan Satumba na 2026, sannan sauran duniya ta biyo baya daga 2027. Tecno da Infinix da itel da suka cika hannayen mutanen Kano duk suna cikin irin wayoyin da ake nufi, don haka dole labarin ya shigo rediyo da jarida, kuma kalmar da muka fara sakewa ita ce za ta zauna.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut ya ga yadda mai sabuwar waya ke miƙa ta a zuba masa manhajoji, ko yadda aboki ke tura wa aboki fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake girka manhajar Android da shi, ta Xender domin tsadar data. Mutane suna yin abin kullum, suna dai ce masa "tura mini" ko "saka mini".

Kalmomin da na fi jin ana kawowa su ne "girkawa ta bayan fage", da "girkawa ta ɓarauniyar hanya", har akwai masu cewa "fasa-ƙwaurin manhaja". Ina adawa da dukkansu, kuma dalilina ɗaya ne: kowacce ta riga ta yanke hukunci tun ba a saurari ƙara ba. Bahaushe ba ya cewa ɓarauniyar hanya sai inda akwai laifi ko gudun hukuma, alhali wanda ya sayi waya da kuɗinsa, ya ɗauko manhaja daga shafin wanda ya rubuta ta da yardar mai ita, bai yi laifi ba don kawai bai bi ta kanti ba. A kwamfuta haka ake yi tun fil azal, kuma ba wanda ya taɓa ba abin wani suna na daban. Wanda ya je Ƙofar Mata ya karɓi rininsa daga hannun marini ba a cewa ya bi ta bayan fage don kawai bai saya a Kantin Kwari ba; abin da ya tsallake shi ne dillali da la'adarsa. La'adar kuwa ba ƙarama ba ce, domin kashi 30 cikin ɗari da kantunan biyu suka daɗe suna karɓa a kan ciniki ita ce ta haddasa rikicin da ya sa suka cire wasan Fortnite a 2020, kuma a Disamba 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka suka samu Google da laifin babakere a shari'arsa da kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite.

"Turi" ta fi waɗancan tsafta, kuma tana da farin jini a bakin matasa, amma ta yi ƙunci. Turi yana nuna fayil ya tashi daga wata waya zuwa wata, ya haɗa da finafinai da waƙoƙi, kuma bai shafi wanda ya sauke manhaja da kansa daga intanet ba. Ana iya tura manhaja ba a girka ta ba.

Shawarata ita ce mu ce "girkawa kai tsaye", mu kuma ba ɗaya hanyar nata sunan, wato "girkawa ta kanti". Idan kowacce tana da suna, babu wadda za ta zama ita ce asali ɗayar kuma ta zama karkace. "Kai tsaye" magana ce da kowa ya sani daga rediyo da ciniki, tana nufin babu mai shiga tsakani, ba ta yabo kuma ba ta zargi. Na zaɓi "kanti" a kan "rumbu" da gangan, saboda kanti yana da mai shi, yana da farashi, kuma mai shi ne ke zaɓen abin da zai ɗora a kanta.

Na san za a ce kalmar ta yi sassauci ga abu mai haɗari, kuma ban raina wannan magana ba. Gaskiya ne 'yan damfara suna aiko da fayil ta WhatsApp da sunan tallafi ko aikin yi, mutum ya girka, su kwashe lambobin sirrinsa na banki, kuma wannan ita ce hujjar da Google ke kafawa. Sai dai cuta ba ta wannan ƙofa kaɗai take shigowa ba. Manhajojin ba da bashi da suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tozarta su a wurin dangi da abokai, da yawansu a cikin kanti suke zaune, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta nemi a cire wasunsu a 2022. Idan muka sanya tsoro a cikin sunan hanya ɗaya, mun koya wa jama'a su saki jiki da ɗayar. Gargaɗi yana da wurinsa a cikin jimla, sai mu ce "kada ka girka kai tsaye daga wanda ba ka sani ba".

Wanda sabuwar ƙa'idar za ta fi taɓawa shi ne ɓangaren manhajoji masu 'yanci, waɗanda kowa ke da damar duba rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya raba. F-Droid, wanda ke tattara irin waɗannan manhajoji tun 2010, ya yi gargaɗi a Satumba 2025 cewa tsarin zai iya kawo ƙarshen aikinsa, domin shi yake haɗa manhajojin daga rubutun da masu su suka buɗe, kuma ba zai iya tilasta wa kowane marubuci ya miƙa takardun shaidarsa ga Google ba. Bayan ƙorafi ya yi yawa, Google ya ce zai bar wata hanya ta musamman ga waɗanda suka ƙware, amma shi ne dai zai tsara ta. A ɓangaren Apple ƙofar a rufe take tun farko, sai da dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa ƙyale wasu kantunan manhaja su yi aiki a wayoyinsa a 2024, kuma a ƙasashen Tarayyar ne, ba a Nijeriya ba. Ku yi tunanin ɗalibi a Jami'ar Bayero da ya rubuta ƙaramar manhajar lissafin gado ko ta lokutan salla yana son ya raba wa unguwarsu: a yau ba ya buƙatar izinin kowa, gobe kuwa sai wani kamfani a Kaliforniya ya san sunansa. Da kalmarmu za a iya faɗin wannan cikin jimla ɗaya da kowa zai gane: ana so a sa mai gadi a kan girkawa kai tsaye.

Wajen amfani, kalmar tana juyuwa ba tare da wahala ba: na girka ta kai tsaye, wayar ta hana girkawa kai tsaye, manhaja ce ta kai tsaye ba ta kanti ba. Inda nake neman ra'ayinku shi ne kan aikatau ɗin, domin a kasuwa "saka" da "ɗora" sun fi yawo a baki, amma na fifita "girka" saboda tana nuna an kafa abu ya zauna, yayin da "saka" ta riga ta ɗauki katin waya da layi da caji. Malamanmu na sashen harsunan Nijeriya da 'yan'uwa masu gyaran waya, ina son jin wadda kuka ga za ta fi karɓuwa a rubutu da kuma a bakin mai saye.