Waɗanda suka fara bandar nama a gida, yaya farkonku ya kasance?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in koyi bandar nama a gida, irin wadda hayaƙi ke ratsa naman a hankali har ya yi laushi, ba gashi a kan garwashi kai tsaye ba. Makon jiya na gwada da kaza guda. Na haɗa wuta a wani tsohon abin gashi mai murfi, na jibga itace, na rufe ruf. Bayan awa biyu na buɗe, fatar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga ɗaci har maƙogwaro, da na tsaga cinya kuma na tarar da ɗanyen nama kusa da ƙashi. Raina ya ɓaci sosai, don abinci ne ya tafi a banza. Waɗanda suka riga ni a wannan harka, don Allah kowa ya faɗi yadda ya fara da abin da ya gyara.

Mai Duro:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ɗacin na san shi, na sha shi sau uku kafin na gane inda yake fitowa. Kalmar da ka faɗa, “na rufe ruf”, a nan matsalar take. Wuta idan ka hana ta iska ba ta ci, sai dai ta yi ta turnuƙewa, kuma hayaƙin da take fitarwa fari ne mai kauri, mai sa ido hawaye. Shi ne yake daskarewa a jikin nama ya zama wannan baƙin maiƙo mai ɗaci, har harshe ya yi kamar an ɗaure shi.

Hayaƙin da ake nema siriri ne, mai ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokaci sai ka tsaya ka duba da kyau kafin ka gan shi. Farkon da na ga haka na ɗauka wuta ce ta mutu, na ruga na ƙara itace, ashe gyara nake ɓatawa. Yanzu ga yadda nake yi: gawayi shi ne tushen zafi, itace kuwa ƙamshi kawai yake bayarwa. Gutsure biyu ko uku, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba, sun ishi kaza. Ƙofar iska ta sama a buɗe take daga farko har ƙarshe, ba na taɓa ta. Da ta ƙasa nake rage wuta ko ƙara ta. Kuma ba na ɗora nama sai wannan farin hayaƙin farko ya wuce, yawanci minti 20 zuwa 30. Ka sa hannunka cikin hayaƙin ka sunsuna. In ka ji ƙamshi, ɗora. In ka ji ƙauri, jira.

Uwar Uku:
Ni kuskurena na farko wuri ne. Ana iska mai ƙarfi ranar, sai na jawo murhun cikin wani ɗakin ajiya na turo ƙofa. Ban yi rabin awa ba kaina ya fara sarawa, jiri ya kama ni. Allah Ya taimaka babbar 'yata ta shigo ta fito da ni. Daga baya aka bayyana mini cewa gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Don Allah kada wanda ya kunna gawayi a cikin ɗaki ko garejin mota, ko da taga a buɗe take. A fili ake yi, in iska ta dame ka ka kare ta da wani abu daga gefe ɗaya.

Tsohon Mahauci:
Sannu Hajiya, Allah Ya ƙara kiyayewa.

Yaro, ni ta wajen nama zan yi maka magana, don shekara da shekaru ina yanka shi kafin na fara yi masa hayaƙi. Abin da na fara ɓatawa tsokar cinyar sa ce, jajir, ba kitse ko kaɗan. A tunanina nama mai kyau shi ya cancanci wahalar. Bayan awa biyar ta fito a bushe kamar fatar takalmi. Abin da wutar banda take so shi ne yankan da mai saye ke gudu: ƙirji, kafaɗa, haƙarƙari, wuya, inda kitse da jijiya suka ratsa tsoka. Wannan farar jijiyar da ke hana tauna, idan ta daɗe a zafi mai sauƙi narkewa take yi ta zama yauƙi-yauƙi mai daɗi, ita ke riƙe wa naman danshi. Tsoka zalla ba ta da abin da zai narke, ruwanta kawai take zubarwa.

Shawarata gare ka, bar kaza sukutum tukuna. Ƙirjinta na rigan cinya nuna, kafin cinya ta yi ƙirji ya bushe. Fara da cinyoyi kawai, suna da haƙuri. In hannunka ya faɗa, ka koma kafaɗar rago ko haƙarƙari. Ƙirjin sa kuwa ka bar shi can gaba, wannan aikin yini guda ne har da dare.

Gishiri kuma ka sa tun daren jiya. Ni aunawa nake yi, giram 10 a kowane kilo na nama, in shafe shi, in sa a firji ba tare da rufewa ba. Da safe za ka ga saman ya ɗan tsane yana ɗan manne wa yatsa. Irin wannan fuskar hayaƙi ke kamawa da kyau.

Malamar Kimiyya:
Baba ya gama magana a kan nama. Abin da zan ƙara shi ne ma'aunin zafi, domin ɗanyen naman da ka gani kusa da ƙashi ido ba zai taɓa gaya maka shi ba. Na yi wata biyu ina yi da ƙiyasi, wata rana ya yi kyau, wata rana a mayar tukunya. Ranar da na sayi ma'auni mai tsinke, wanda ake sokawa cikin nama, ranar na huta.

Zafi biyu kake lura da su. Na cikin murhu, a riƙe shi tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salsiyas. Sai na cikin naman kansa. Kaza ba ta da aminci sai tsakiyarta ta kai 74, a soka a wuri mafi kauri ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. Niƙaƙƙen nama 71. Gundumen naman sa ko rago yana da aminci daga 63 in an bar shi ya huta minti 3, amma aminci daban, laushi daban. Kafaɗa da ƙirji ba sa sakin jiki sai sun kai wajen 90 zuwa 95.

Ma'aunin da yake manne a jikin murfi kada ka amince da shi ido rufe. Zafin sama yake aunawa, nama kuwa yana ƙasa a kan raga. Nawa na tarar ya sha bamban da zafin raga sosai. Kuma duk sabon ma'auni ka gwada shi a ruwa mai cike da ƙanƙara, ya kamata ya nuna 0.

Sai wani abu da ke tsorata sababbi: za ka yanka nama ka ga wani jan zobe a ƙarƙashin ɓawonsa, kamar ruwan hoda. Ba ɗanye ba ne. Iskar da wuta ke fitarwa ce take haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launinsa, sai jan ya tsaya ko bayan ya nuna. Shi ya sa launi ba shaida ba ne a wannan aikin.

Mai Duro:
Malama ta tuna mini da ranar da na kusa fasa komai. Kafaɗar rago ce, na ɗora da sassafe. Zafinta na ta hawa lafiya lau, da ya kai 68 sai ya tsaya cak. Awa ɗaya, 68. Awa biyu, 69. Baƙi sun fara isowa, ni kuwa ina ta zagaya duron da nake banda a cikinsa. Na ɗauka ma'aunin ne ya lalace, na ƙara gawayi, saman ya ƙone, ciki bai motsa ba.

Malamar Kimiyya:
Gumi naman yake yi, Malam. Ruwan da ke fitowa samansa yana bushewa yana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Yawanci tsakanin 65 da 75 abin ke faruwa, kuma yana iya ɗaukar awanni. In kana sauri, ka naɗe shi tsaf a takardar alminiyam ka mayar, ruwan ba shi da wurin tashi, sai zafi ya ci gaba da hawa.

Ɗan Kafinta:
Ni ba na son naɗewar nan, Malama, ki yi haƙuri. Na gwada sau biyu, ɓawon da na sha wahala ya yi ƙarfi duk ya jiƙe ya zama kamar dafaffe. Gara in tashi da asuba in ba shi lokacinsa. Amma in baƙi na zaune, na yarda ita ce mafita.

Nawa kuskuren itace ne, kuma ya fi na kowa ba ni kunya tunda sana'ata ce. Guntayen katako sun cika mini shago, sai na kwaso na zuba. Akwai mai fenti a ciki, akwai falanki mai gam, akwai wanda aka yi wa maganin gara. Warin da ya tashi kaɗai ya isa, dole na zubar da naman gaba ɗaya. Duk katakon da ya bi ta hannun masana'anta ba na abinci ba ne. Haka itace mai ƙaro irin fayin, da duk bishiyar da in ka kare ta take fitar da farin ruwa kamar madara. Abin da nake amfani da shi yanzu busasshen itace mai tauri ne, musamman na 'ya'yan itatuwa. Gwaba da lemo sun yi mini kyau, ƙamshinsu ba ya danne nama. Ya bushe sosai, in ka buga biyu ka ji ƙwal ƙwal. Ɗanye farin hayaƙin nan kawai zai ba ka.

Wasu suna jiƙa itace a ruwa kafin su sa. Na yi, na daina. Na tsaga wanda ya kwana a ruwa, cikinsa a bushe yake, saman kawai ya jiƙe. Tururi yake yi ya sanyaya garwashi, sannan ya kama yadda dama zai kama.

Kananzir da fetur kuma kada su kusanci gawayinka. Warin ba ya barin nama.

Uwar Uku:
Tambaya ga Mai Duro: kowane duro ne ake iya amfani da shi? Maigidan ya kawo wani, ban san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba.

Mai Duro:
A'a Hajiya, in ba a san tarihinsa ba a bar shi. Wanda ya taɓa ɗaukar magani ko sinadari ko man mota bai dace ba. Nawa na man girki ne, kuma sai da na cika shi da itace na ƙone shi har fentin ciki da waje ya tashi, na goge da burushin waya, na shafe da mai na sake kunnawa babu nama. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi, shi ma a guje shi kusa da wuta, hayaƙinsa na cutarwa. Kuma ba dole sai duro ba. Duk abin gashi mai murfi da ƙofofin iska ya isa: garwashi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, kwanon ruwa a ƙarƙashin naman. Kwanon na tare kitse kada ya ɗiga a wuta ta tashi, ruwan kuma yana hana zafi hawa da sauka.

Mai Jinya:
Ni ban taɓa ƙona nama ba, amma na ɓata wa iyalina ciki. Na ɗauka tunda ya sha hayaƙi ba ya lalacewa, sai na bar ragowar haƙarƙari a rufe a kan tebur har washegari. Yara biyu suka kwana suna zawo. Irin wannan banda mai laushi dafaffen nama ne cike da danshi, ba irin wanda aka busar ƙayau don ajiya ba. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri. Kada ya wuce awa 2 a waje, in ana zafi sosai ma awa 1. A firji kwana 3 zuwa 4, abin da ya wuce haka a daskarar.

Akwai kuma bandar hayaƙi mai sanyi, wadda ake yi ƙasa da digiri 30, naman ba ya dahuwa. Mai koyo kada ya taɓa ta. Tana buƙatar gishiri na musamman mai naitirait da awo daidai, in an kuskure gubar abinci mai kisa da ake kira botulizim na iya samuwa, kuma ita ba ta nuna kanta da wari.

Tsohon Mahauci:
Abu ɗaya na manta. Daina buɗe murfi kowane minti biyar. Duk buɗewa zafi ne ya gudu, iska kuma ta faɗa wa garwashi ya tashi. In ka sauke kuma kada ka sa wuƙa nan take. Cinyar kaza minti 10, babban yanka ka naɗe shi ya yi awa guda. Na taɓa yanka kafaɗa da zafinta don yunwa, ina kallo romon ya malale a kan katako.

Sabon Shiga:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na sake gwadawa. Kafin nan sai da na kunna murhun ba nama na awa biyu, ina wasa da ƙofar ƙasa har na ga inda zafi ke tsayawa a 115. Cinyoyi shida, gishiri tun dare kamar yadda Baba ya ce, gutsuren gwaba biyu, kwanon ruwa a ƙasa. Sau ɗaya tak na buɗe. Bayan awa biyu da 'yan mintuna tsinke ya nuna 76. Launin ya fito ja mai duhu, babu ɗaci ko kaɗan, har ƙashi ya nuna, yara ba su bar komai ba.

Saura abu ɗaya: fatar ta yi tauri kamar roba, sai da muka cire ta. Me na rasa?

Mai Duro:
Madalla! Fatar kaza ba ta son wuta mai sanyi, kitsen da ke ƙarƙashinta bai gama narkewa ba. Karo na gaba, in tsinke ya kai 65, buɗe ƙofar ƙasa gaba ɗaya, ka matsar da cinyoyin kan garwashi, fata a ƙasa, minti uku zuwa biyar, amma kada ka sauke sai tsinke ya kai 74. Ka tsaya a kansu kada ka je ko'ina, don kitse na ɗiga wuta za ta tashi.