Yarona yana shan koko sau huɗu a rana amma sai ramewa yake, ina matsalar take?

Maman Abba ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona watansa 16, na yaye shi wata biyu da suka wuce saboda na samu ciki. Tun daga lokacin koko nake dama masa da gasara da sukari, sau huɗu a rana, da dare kuma ɗan tuwo idan ya karɓa. Yana shanye kofinsa tas, cikin ya yi fam, amma hannuwa da cinyoyi sai sirancewa suke. A wurin awo an ce kilo 8 ne, gashinsa ma ya fara yin ja. Wasu na cewa ciki ya sha, wasu na cewa in sayo masa maganin cin abinci a kemis. Don Allah masu sani a taimaka mini, me ya rasa, tunda dai ci yana ci?

Malama Mai Awo ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya raba lafiya. Amsar tana cikin kofin nan. Tumbin yaro yana ɗaukar kamar mililita 30 ne a kan kowane kilo na nauyinsa, wato ɗanki mai kilo 8 kofi ɗaya mai mililita 240 ya cika shi. Koko mai ruwa-ruwa, irin wanda ake kurɓa kai tsaye, da ƙyar cikin kofin ya kai kalori 100 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Sau huɗu bai wuce 400 ba. Yaron da ya haura shekara kuma ba ya shan nono yana buƙatar kusan kalori 900 a rana. Kin ga ciki ya cika da ruwa, jiki kuma bai samu rabin abin da yake nema ba, sai ya koma yana cinye tsokarsa. Namiji mai wata 16 matsakaicin nauyinsa kilo 10 da rabi ne, don haka kilo 8 ba abin a jira a gani ba ne.

Abu na biyu ita kanta gasarar. Idan aka jiƙa gero aka markaɗa aka tace, dusar da ake zubarwa ita ke tafiya da kaso mai yawa na furotin, wato sinadarin gina jiki, da sinadarin ƙarfe da bitamin na rukunin B. Abin da ya kwanta a ƙasan roba kusan sitaci ne zalla. Sukarin da kike sawa kuzari kawai yake ƙarawa, ba ya gina komai.

Ga garin da za ki haɗa. Gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken soya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A gyara kowanne, a soya shi daban sama-sama, a haɗa a kai inji a niƙa ya yi laushi. Dalilin haɗin: furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake da soya suke da shi da yawa, su kuma suna da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. Idan suka haɗu a kwano ɗaya sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Hikimar da ke cikin shinkafa da wake ke nan, da ɗanwake.

Wajen damawa, babban cokali huɗu a cike na garin ga kofi ɗaya na ruwa, a dafa a kan wuta minti 10 ana juyawa, ba a zuba tafasasshen ruwa kawai a sauke ba. A ƙara ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, wannan kaɗai kalori 40 ne, da babban cokali ɗaya na madarar gari idan da hali. Kofin nan guda ya haura kalori 200. Gwajin kauri kuwa mai sauƙi ne: ki ɗebo a cokali ki karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ya kamata ya tsaya a cokalin, ya sauko a hankali.

Tunda ba ya shan nono, abinci sau huɗu zuwa biyar, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, ayaba ko alale ko awara ko dafaffen dankali. Madara ko kindirmo kamar kofi ɗaya zuwa biyu a rana, amma na nonon da aka tafasa. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai. Yaron da ke cin tuwo a kwano ɗaya da yayyensa loma biyu yake samu kafin a suɗe.

Jami'in Lafiya na Karkara ya amsa:

Duk abin da Malama ta faɗa daidai ne, amma Hajiya, kafin ki je inji ki fara zuwa asibiti. Jan gashin nan da kika ambata shi ya tsaya mini a rai. Yau ɗin nan ki yi wannan gwajin: ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga daƙiƙa uku, ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne, kuma wannan ba a jinyarsa a gida. A asibiti za su auna damtsensa da ɗan tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, yaron da tamowa ta yi wa tsanani zuciyarsa da hantarsa da ƙodarsa duk sun rage aiki. Idan aka ɗura masa abinci mai nauyi da gishiri lokaci guda, ko aka fara ba shi maganin ƙarin jini tun a kwanakin farko, za a iya ƙara masa ciwo. Shi ya sa idan an kwantar da yaro ake farawa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan. Wanda yake iya ci kuma ba shi da wata cuta a kai, ana ba shi abincin leda na gyaɗa, irin su Plumpy'Nut, a tafi da shi gida ana dawowa awo. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500. Magani ne, ba a raba shi da sauran yara, ba a dama shi a kunu.

Batun "ciki ya sha" kuma, nonon mai ciki ba guba ba ne. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa. Abin da ke kama yaran kwanika shi ne cire su daga nono farat ɗaya a mayar da su kan koko. Mutanen Ga na ƙasar Gana sun daɗe da lura da haka, kalmar kwashiyoko, wato tamowa mai kumburi, ma tasu ce, ma'anarta ciwon da yaro ke samu idan aka yi masa ƙani. Likita Cicely Williams da ta yi aiki a Accra ita ta shigar da kalmar cikin rubutun likitanci a 1935. Iyayenmu sun ga ciwon daidai, dalilinsa ne suka ɗora wa nono.

Maganin cin abinci na kemis ki bar shi. Yawancinsu suna sa barci ne, kuma ɗanki ba ƙin ci yake ba. Abin da za ki tambaya a asibiti: ko ya karɓi bitamin A, jan ƙwanso na 'yan wata 12 zuwa 59 da ake ɗigawa a baki duk bayan wata shida, da maganin tsutsar ciki, wanda ake fara bayarwa daga shekara ɗaya. A duba masa zazzaɓin cizon sauro da yawan jini. Idan yana gudawa, ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina ba shi abinci don yana gudawa.

Inna Mai Garin Kunu ta amsa:

'Yata, bari in ƙara a kan garin, don wurin sarrafawa ake yin ɓarna. Waken soya ba a niƙa shi ɗanye. Yana da wani abu da ke hana ciki narka furotin, sai ki ga yaro yana kumburin ciki da zawo a ce soya ba ta karɓe shi ba. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa minti 20 zuwa 30, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja. Ban da ƙonawa.

Gyaɗa kuma ki zauna ki tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yamutse, ta canza launi, ta yi fumfuna ko ɗaci, a zubar, kada ma a ba kaji. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Kada ki niƙa garin da ya wuce na mako biyu zuwa uku, saboda man da ke cikinsa yana sa shi ɗaci da wari. A mazubi mai murfi, cokali busasshe.

Matsalar da za ki tarar ita ce yaron da ya saba da kurɓa zai iya ƙin kunu mai kauri. Kada ki koma ƙara ruwa. Maganinta garin tsiro. Ki jiƙa gero kamar awa 12, ki baza a jiƙaƙƙen buhu ki rufe, kina yayyafa ruwa kwana biyu har ya tsiro. Ki shanya a rana ya bushe sosai, ki murje tsiron da saiwar ki sheƙe su, sannan ki niƙa. Idan kin dafa kunu mai kauri kin sauke, ya ɗan huce amma da sauran zafinsa, ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya ki juya. Cikin 'yan mintoci za ki ga ya saki ya tsinke, alhali ko ɗigon ruwa ba ki ƙara ba. Garin tsiron ne ke farfasa sitacin. Sai ki mayar wuta ya sake tafasa sau ɗaya. Idan da dawa za ki yi, murje tsiron nan dole ne, don a jikinsa gubar da ke kashe dabba idan ta ci ɗanyar dawa sabuwar tsiro take. Gero ya fi kwanciyar hankali.

Maman Abba ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na danna ƙafar ba ta lotsa ba, amma gobe da safe za mu je awon damtse in sha Allahu. Sauran tambaya biyu: yana son shayi da burodi da safe, in bar masa? Kuma kakarsa ta hana a ba shi ƙwai, wai yana sa yaro sata.

Malama Mai Awo ta amsa:

Alhamdu lillahi, amma dai ku je ɗin, rashin kumburi ba ya nufin ba tamowa.

Shayin a ajiye. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji tsotse shi, ga shi yana cika ciki da ruwan sukari. Ƙarfen nan shi ake gina jini da shi, kuma yaro tsakanin wata 6 da shekara 2 ya fi kowa saurin rasa shi. Alamar ƙarancinsa: tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, yaro ya yi sanyi, wani har cin ƙasa yake. Ƙarfe iri biyu ne. Na nama da hanta da kifi jiki yana karɓarsa da sauƙi. Na wake da gero da ganye kaɗan ake samu daga ciki, sai an haɗa shi da bitamin C a ci guda. Don haka bayan faten wake a ba shi lemon zaƙi ko gwaiba ko gwanda, ko a kaɗa masa garin 'ya'yan kuka. Hanta sau ɗaya a mako, yanki kamar kwalin ashana biyu a faɗi, a dafa a daka a cikin fate. Busassun ƙananan kifaye a daka su har ƙaya su zama gari a tankaɗe, cokali ɗaya a miyarsa, nan ga furotin ga sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Ƙwai kuwa, a bi Kaka a hankali, a ce mata a asibiti aka rubuta. Guda ɗaya yana da furotin giram 6 mai kyau da kalori kusan 70, ga bitamin A a gwaiduwa. A dafa shi ya nuna sosai, ko a fasa a cikin kunu yana kan wuta a juya. Kullum ɗaya idan da hali, in babu ko sau uku a mako.

Kicin ma yana cin nasa rabon. Kanwar da ake zubawa a wake da miyar ganye don su yi saurin nuna tana lalata bitamin C da wasu na rukunin B, gara a jiƙa waken ya kwana a rage ta. Manja idan aka soya shi har ya yi hayaƙi ya washe, jan da ya tafi shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi da taimaka wa jiki yaƙar cuta. A zuba shi da jansa. Zogale da alayyahu da karas da kabewa suna buƙatar ɗan mai kafin jiki ya amfana da nasu, kuma zogalen da za a daka a shanya shi a inuwa, ba a rana ba. Gishiri a sayi mai aidin na leda, a rufe shi, ɗan kaɗan a abincin yaro.

Ke ma Maman Abba, da cikin nan, ki karɓi ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awon ciki, kuma kada ki kora su da shayi, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Shi kuma a riƙa ɗora shi a sikeli ɗaya duk mako biyu ana rubutawa a katinsa. Idan an yi awo biyu a jere nauyin bai motsa ba duk da sabon kunun, a koma wurin likita a bincika ko akwai wata cuta a ƙasa, irin su tarin fuka.